Kamu Biyar Cif

Tun da na ji labarin Mubarak Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic a 2007, na rantse ni ma sai Birchi, garinmu, ta san da ni. Jirgi ya fi ƙarfin aljihuna, sai na tsaya a mota. Inji da aksul da sifirin na ciro daga mushen wata Peugeot 504, kujerar direba kuwa ta roba ce, irin ta gidan biki.

Ranar da za mu yi waldar kunnuwan sifirin, tef ɗin awo ya yi ɓatan dabo. Na auna hagu da kamuna, ƙanena ɗan shekara 12 ya auna dama da nasa.

"Yaya, kamu biyar cif!"

Nawa ma biyar ne, sai muka bi da wuta.

Ran Laraba na nufi kasuwar Dutsin-Ma. Hancin mota na bin hanya, gindinta na leƙen tsakiyar titi, tafiyar kaguwa sak, ni kuma na murɗe sitiyari hagu don ta miƙe. Wani mai babur ya ci birki ya ce, "Malam, faɗa mana inda ka nufa, mu san inda za mu kauce!" Kafin in ba shi amsa tayar baya ta shafi kwandon tumatirinsa. Ranar na sayi tumatir, kwando guda, markaɗaɗɗe.

Don in daidaita motar, na kwance notocin aksul na sa guduma. Ƙusar tsakiyar sifirin ta karye, kaguwa ta ƙara da rawa.

A Dutsin-Ma wani tsohon bakanike ya zaro zare, ya auna daga cibiyar tayar gaba zuwa ta baya, hagu da dama. Taƙi guda ne tsakani.

"Ɗana, inda aksul ya kalla, can mota ke zuwa. Wa ya yi maka awo?"

Na nuna ƙanena. Baba ya dubi hannunsa, ya dubi nawa, ya zauna a kan taya yana share hawaye. Aka yanke kunnuwan, aka sake walda.

A hanyar gida ƙanena ya nisa. "Yaya, gaggawa ka yi. Da ka jira shekara biyar, da kamuna ya kamo naka."