Yadda Ake Ajiye Ragowar Abincin Mage Ba Tare da Maigida Ya Karya da Shi Ba

Magen garin Kademi ba ta taɓa neman a saya mata abinci ba. Kakanninta a bakin rumbu suka yi aiki, ɓera ne albashinsu, ƙayar kifi da ƙanzon tuwo kuma alawus. Sai zamani ya zo da 'ya'ya masu aiki a Abuja da Legas, waɗanda in za su zo hutun Sallah sukan biya manyan kantunan Kano su lodo tsaraba, a ciki har da gwangwani mai hoton kyanwa tana ƙyalli. Whiskas ne ko Purina, ba ruwanmu. An buɗe, gimbiyar ta ci rabi, ta lashe hannu, ta yi tafiyarta. To ragowar fa?

Masu kayan sun ce a rufe ta ruf, a sa a firjin da sanyinsa bai haura digiri 4 ba, a ƙarar da ita cikin 'yan kwanaki. Wasu kamfanonin su ce 2 ko 3, masu sassauci su kai 5 zuwa 7. Wanda aka riga aka zuba a kwano kuwa kada ya wuce awa 4. Shawara ce mai kyau, sai dai da ganin ta ka san wanda ya rubuta bai taɓa kwana a ƙasar Gaya a watan Afrilu ba, lokacin da zafi ke tsallake digiri 40, firjin gida kuma ya daɗe da komawa ma'ajiyar kwanukan amarya don rabonsa da wuta an manta. Ƙwayoyin cuta irin su Salmonella tsakanin digiri 4 da 60 suke shagalinsu, kuma in wuri ya yi musu daɗi, adadinsu kan ninka duk minti 20. Yi lissafi: a awa 4, guda ɗaya ta haura 4,000. Saboda haka da bazara a mayar da awa 4 ɗin nan awa 1, in an yi karamci 2.

Yanzu ga babban haɗarin, wanda Turawa ba su rubuta a jikin gwangwanin ba. Uwargida, ki dubi abin nan da kyau. In aka kawar da hoton, me ya raba shi da Geisha? Maigida ya dawo daga sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ga biredi, ga ruwan shayi, ga gwangwani a buɗe yana ƙamshin kifi. Ba zai nemi fatawa ba. In sabo ne, da wuya ya yi masa komai a jiki; wahalar tana teburin mai shayi, inda har ya yi furfura ba za a daina ce masa “miyau” in ya yi sallama ba. Don haka a juye ragowar a roba mai murfi ko kwalba mai tsabta, da cokalin da ba a tsoma a wani abu ba, a rubuta “na mage” da boko, a maimaita da ajami, don kada wani ya fake da cewa bai yi makarantar gwamnati ba. Juyewar tana da wani amfanin: abincin ba ya bushewa, kuma bakin gwangwani mai kaifi ba zai yanke harshen mage ko yatsan yaro ba.

Wani zai ce ai muna da firjin gargajiya. Gaskiya ne, maƙwabtanmu na Jigawa sun yi abin a yaba. Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, har ta kai shi ga lambar yabo ta Rolex a 2000. Ruwan da ke tsattsafowa yana bin iska shi ke janye zafin, shi ya sa ta fi aiki da rani, ta yi lalaci da damina. Tumatir da gauta da alayyafo suna gode mata. Amma ba ta kai digiri 4, kuma naman da aka buɗe ba gauta ba ne. Gindin randa ma a bar shi. Ranar da ruwan sha ya fara ƙarnin kifi, mage da mai tsarabar duk sai sun nemi wurin kwana.

Abin da ya rage shi ne Hajiya mai firizar sola, wadda ke sayar da ƙanƙara da zoɓo. A raba ragowar ƙulli-ƙulli, kowane na ci ɗaya, a ninka leda, a je da ladabi. “Hajiya, ajiya na kawo, ta kwana biyu.” In ta tambaya mene ne, a faɗi gaskiya, amma a sassauta murya, don masu sayen kunun aya suna da kunne. In an ɗauko, a tsoma ƙullin a ruwan ɗumi har sanyin ya sake shi, mage ba ta son abu daga ƙanƙara. Kada a shanya a rana, kada kuma a mayar da wanda ya narke. Mai son sayen ƙanƙara ya zuba a kula shi ma ya halatta, sai dai kafin kwana uku kuɗin ƙanƙarar ya sayi wani gwangwanin.

Kada a ɗanɗana don gwaji, kuma hanci ba alƙali ba ne, abu kan lalace bai fara wari ba. Gwangwanin da ya kumbura tun ba a buɗe ba, a haƙa rami a binne, ban da juji, inda kaji da yara ke zagaye. Kada kuma a ce za a ƙara wa ragowar auki da miyar jiya: albasa da tafarnuwa suna lalata jinin mage.

Ni dai in za a ji tawa, a sayi ƙaramin ƙunshi mai giram 85 wanda za ta share a zama ɗaya. In kuwa babban na giram 400 aka kawo, a yi walima: a buɗe da magariba, a bar muzuran maƙwabta su taya ta, kafin isha'i an tashi. Gobe war haka za su dawo da abokansu, wannan kuma tsakaninku ne. Gwangwanin a wanke shi tas, a danne bakinsa, kuma a ɓare hoton kafin a ba yarinya ta auna gyaɗa da shi, don fasinjojin tasha ba makafi ba ne.