Maharban Bakin Tafkin Oahe

A Dakota ta Kudu, can tsakiyar Amurka, an datse kogin Missouri kusa da birnin Pierre, ruwa ya taru ya zama tafkin Oahe mai tsawon kusan kilomita 370. Shugaba Kennedy ne ya ƙaddamar da madatsar a 1962. Filaye da dama a gefen tafkin na gwamnati ne, duk mai lasisi yana iya shiga da bindigarsa. To, abin da aka ce na kowa ne, kowa gani yake na ubansa ne.

Fara da Sarkin Sammako. Doka ta ce ba a harbin agwagwa sai saura rabin awa rana ta fito, amma shi tun ukun dare ya kafa ya tsare a bakin ruwa, haƙora na kaɗawa, don kada a riga shi lungun da ya ƙwallafa wa rai. Ka kuskura ka matso, sai ya dalle maka ido da tocila, ya yi gyaran murya. Ba shi da takardar fili. Ya dai daɗe yana zuwa, a ganinsa wurin ya zama gado.

Kusa da shi ga Mai Busa. Akwai ɗan bututun da ake hurawa ya yi kukan agwagwa. Gwanaye kan busa kaɗan su ja baki su yi gum. Shi kuwa biyar ya rataya a wuya, kuma sai kowanne ya ci kuɗinsa. Agwagin nan tun daga Kanada suke tafe, babu irin ƙaryar da ba su ji ba a hanya, sai su karkace su sauka tsakiyar ruwa inda harsashi ba ya kaiwa. Ya ce laifin iska ne. Maharbinmu na gida da ke ɗaura kan burtu yana rarrafe bai taɓa ƙoƙarin yi wa namun daji waƙa ba, ya san rabin farauta kame baki ne.

Mai Harbin Gajimare ba ya jira. Da tsuntsu ya ɓullo can ƙololuwa, sai ya sakar masa harsashi ukun da doka ta yarda a ɗura, ya kore wa kowa rabonsa.

Wanda na fi tausayi shi ne Attajirin Kaya. Kwalekwale mai launin ciyawa, agwagin roba buhu-buhu, rigar da ruwa ba ya ratsawa. Ya san tun 1991 aka hana harbin tsuntsayen ruwa da ƙwayar dalma saboda tana zame musu guba idan sun haɗiye, don haka harsashinsa mafi tsada ne a kanti. Sai malamin daji ya iso, cikin ladabi ya ce a nuna masa kan sarkin agwagwa, ɗan tambarin dala 25 da gwamnatin tarayya ke sayarwa, wanda aka fara tun 1934 don tanadar wa tsuntsaye fadamu. Attajiri ya juye aljihu bakwai. Tambarin yana gida, kan tebur.

Masu fezan wata al'umma ce daban. Tsuntsun mai dogon bindi asalinsa daga Asiya, a 1908 aka sake shi a jihar, yau shi ne tambarinta. Ana buɗe farautarsa Asabar ta uku a Oktoba, kuma ba a harbi sai ƙarfe goma na hantsi, shi ya sa ragwaye ke ƙaunarsa. Zakara uku kacal a rana, kaza kuwa haramun. Mutane kan jeru su keta ciyawa, tsuntsu na tashi a yi ihu: "Kaza!" ko "Zakara!" A nan za ka gamu da Ni-na-harbe: bindiga huɗu su tashi tare, tsuntsu ɗaya ya faɗo, kafin a ankara ya riga ya cusa shi a jaka. Sai Mai Kare, wanda ya cika wa kowa kunne da asalin karensa tun daga kakanni. Ana buɗe mota kare ya sheƙa, ya tashi duk zakarun filin tun mutane ba su gama ɗura bindiga ba, maigidan na biye yana kira, muryarsa har ta dushe. Wai jiya ba haka yake ba.

Mai barewa shi kaɗai yake zuwa, sanye da riga ruwan lemo mai ƙyalli yadda doka ta tilasta, don kada wani ya ɗauke shi nama. Launin ba ya damun barewa sosai, hancinta ne abin tsoro. Saboda haka ya yi wanka da sabulun kashe wari, ya adana tufafinsa cikin leda, ya lura da inda iska ke kaɗawa, ya laɓe a kwazazzabo tun asuba. Da yunwa ta ciyo shi, sai ya buɗe gorar kofi, ya warware burodi mai albasa. Bai ga ko kofato ba ranar, kuma duk wanda ya tambaye shi zai ce masa karen wancan mutumin ne ya ɓata masa daji.