Zanga-zangar Kan Benci

Mai neman 'yan gwagwarmaya a ƙasar Minjibir kada ya wahalar da kansa zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma. Ya bari a idar da sallar isha'i, ya leƙa rumfar mai caji ko teburin mai shayi, daga Kunya har Wasai. Can zai tarar da samari sun haɗa kawuna a kan waya ɗaya mai tsagaggen gilashi, suna kifar da gwamnatin wata jiha a Indiya.

Tun da Algaita da takwarorinta masu fassara finafinai suka koya wa Indiyawa Hausa, har da ta 'yan tasha, ba mu ƙara rasa mai ƙwato mana 'yanci ba. Mai turi zai cika maka memori da kuɗin da bai kai na kwanon shayi da biredi ba. Labarin kuwa kusan ɗaya ne. Bos yana da kamfani, da tumbi, da kwamishinan 'yan sanda a aljihu. Ya ƙwace gonakin talakawa. Talakawa su fito da kwalaye, 'yan kwantar da tarzoma su tarbe su da kulki da barkonon tsohuwa. Sai ga jarumi ya diro daga babur, iska na kaɗa masa gashi ko da a ƙuryar ɗaki yake, ya naushi mutum ɗaya, goma sha biyu su tashi sama. Kafin batir ya mutu an mayar wa kowa gonarsa, har an cashe da rawa.

A nan ake jin maza. "Wallahi da ina wurin, da ba a kai haka ba!" Mai wannan rantsuwar, shekaranjiya akuyar maƙwabci ta cinye masa rabin wakensa, ya kasa tunkarar mai ita, sai ƙaninsa ya aika, shi ma da sharaɗin kada ya ce shi ya turo shi. Na gefensa ya ce, "Yaya, ai irin wannan aktan Najeriya take buƙata." Kowa ya gyaɗa kai, mai shayi ya ƙara layi a littafin bashi.

Abin dariyar shi ne finafinan sun fi mu gaskiya. A Kaththi na Vijay, wanda ya fito a 2014, kamfani ne yake son ruwan da ke ƙarƙashin gonakin wani ƙauye. Abin da ya juya lamarin shi ne tsofaffin ƙauyen da suka shige manyan bututun da ke kai ruwa birnin Chennai suka yi zaman dirshan, sai da famfunan birni suka ƙafe aka tuna da su. Amma da an zo wajen shawara da shari'a, sai ka ji, "Kai, tura gaba, surutu ne, kai mu wajen faɗan." A Jawan na 2023, Shah Rukh Khan ya tsaya ya roƙi jama'a su yi wa mai neman ƙuri'arsu tambayoyi kafin su dangwala. Mun tafa sosai. Mu ma muna da tambayarmu ta ranar zaɓe: taliya leda nawa, kuma akwai sabulu?

Namu bos ɗin ba shi da gashin baki, shi ya sa ba ma gane shi. Shi ne kuɗin buhun taki, a ƙasar da gona ba ta san hutu ba, rabon gado ya yanka ta har ta koma kamar dardumar sallah. Shi ne kwalbatin da ruwa ya cinye tun damina biyu da suka wuce. Shi ne dattin birni da kogin Jakara yake kwasowa ya juye a dam ɗin Wasai, inda masunta da masu noman rani suke neman abinci. Babu ɗaya a ciki da ake kashewa da naushi.

To, a kira taro a ƙofar gidan dagaci, a ce za a rubuta wa kansila takarda, a haɗa ɗari bibbiyu don gyaran famfon burtsatse. Jaruman jiya da daddare sai su ɓace. Wanda aka ritsa ya ce, "Ranka ya daɗe, bayana ne ya riƙe." Wani ya raɗa wa mai rubutu, "Kawu, sa sunana can ƙasa, kada a ce ni na fara."

Ranar da abin ya fito daga waya kuwa, mun gani. A 1 ga Agusta, 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa a Kano ta rikiɗe, aka daka wawa a cibiyar hukumar sadarwa ta NCC, aka yi asarar rayuka, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa dokar hana fita ta awa 24. Wasu suka ɗaga tutar Rasha, ƙasar da ba lallai su iya nuna ta a taswira ba. A Nuwamba aka gurfanar da yara a kotu a Abuja, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi. Babu jarumin da ya diro daga babur. Mai kayan gwari da ya yi niyyar kasuwar Yankaba shi ya zauna yana kallon tumatirinsa na ruɓewa.

Don haka ina da roƙo ga 'yan Kannywood. Ku shirya mana fim da jaruminsa bai iya faɗa ba. Makaminsa biro da littafin rasit. Ya bi gida-gida ya tara gudummawa, ya yi ta sintiri a ofis ana ce masa oga ya fita, bai zagi kowa ba, bai ƙona taya ba, har famfo ya kawo ruwa. A ƙarshe ma'aji ya miƙe gaban jama'a ya kawo lissafi cif-cif, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. A nan ne 'yan kallo za su yi tsaki, su ce wannan ƙaryar ta yi yawa, a sa musu na Indiya.