Masu jiran igama

A Ƙanƙara ba wanda ya taɓa tambayata kati. In baƙo ya sauka tasha yana nemana, sunan mahaifina kawai zai ambata, yaro ya kawo shi har zaure. Sai da na sauka Jidda na tarar duk wannan asalin bai kai darajar wani ɗan filastik da bai cika tafin hannu ba. Larabawa suna ce masa iƙama, mu kuma muka lanƙwasa shi ya koma igama. In babu shi ba asusun banki, ba hayar ɗaki da sunanka, ko motar askar ka hango sai cikinka ya ɗuri ruwa. Abin haushin kuma ba kai ne mai nemansa ba. Kafilinka, wato wanda ya ɗauko ka aiki, ne zai nema maka a Jawazat, ofishin shige da fice, cikin kwana 90 da saukarka, bayan an ɗebi jininka, an haska ƙirjinka, an ɗauki basamar yatsunka. Naka jira ne kawai, a wajen jiran nan kuwa na san 'yan garinmu fiye da yadda na san su a gida.

Wanda ya fi kowa wahala shi ne mai suna uku. A gida Mamman ne, a makarantar firamare Muhammadu, a fasfo kuma an rubuta shi da wasu haruffan da ko shi bai iya karantawa. Ranar haihuwarsa 1 ga Janairu, kamar rabin mutanen layinsu, domin da aka tambayi tsohuwarsa cewa ta yi an haife shi shekarar da fara ta cinye gero. Yanzu ga magatakarda Balarabe zai sake juya sunan zuwa harafin Larabci, Garba ya zama Jarba. Na ga wani mutumin Faskari da ya yini yana rantsuwa cewa shi ne shi, kwamfuta kuwa ta ƙi yarda. Daga baya ya haƙura, har mu ma muka koma kiransa Jarba.

Kusa da shi kullum akwai Malam Na-Sani. Wata huɗu ke nan da zuwansa, amma ya haddace dokar masarauta fiye da masu ita. Shi zai gaya maka tarar jinkirin sabunta kati riyal 500 ce a karon farko, 1,000 a na biyu, na uku kuma a sa ka jirgi, kuma a nan gaskiya ya faɗa. Matsalarsa ita ce da murya ɗaya yake faɗin gaskiyar da abin da ya ji a wajen mai shayi. Duk mako yana da sabuwar doka da za ta fito ranar Lahadi. Ya iya latsa Absher, manhajar gwamnati, a wayar kowa, ya duba maka, ya girgiza kai, ya ce “akwai matsala,” sannan ya nemi ka saya masa shayi ya yi maka bayani. Nasa katin har yau bai fito ba.

Sai mai bautar kafili. Wannan da ya ga kiran maigidansa zumbur yake miƙewa tsaye, ya cire hula, ya rusuna wa wayar. Larabcinsa duka kalma uku ne, ya kuma fi ƙwarewa a “hadir”, wato “an gama”. In ya tambayi zancen kati aka ce masa “bukra insha Allah”, sai ya dawo yana yi mana bushara cewa gobe ne. Mu da muka kwana biyu mun san bukra ƙanwar “je ka dawo” ce. Ba na yi masa dariya sosai, don na san abin da yake tsoro: kafili ya fusata ya rubuta maka hurub, wato ka gudu, shi ke nan ka zama abin farauta alhali kana kwance a ɗakinka. An sassauta tsarin kafalar a Maris na 2021, amma sassaucin bai haɗa da direbobin gida da masu aikatau ba, su ne kuwa akasarin mutanenmu.

Mai digiri kuma nasa ciwon daban ne. Ya gama jami'a a Katsina, ya yi bautar ƙasa, ga katin ya fito an rubuta sana'arsa direban gida. In zai nuna maka sai ya ɗora babban yatsa a kan layin.

Akwai kuma tsohon takari, wanda na fi so a cikinsu duka. Ya zo Umara tun ana sauka da jirgin Kabo, ya ce zai ɗan tsaya ya ga Hajji, ga shi har furfura ta cim masa a unguwar Karantina. Bai taɓa riƙe igama ba, kuma kallon tausayi yake yi wa masu ita, wai sun sayi igiya da kuɗinsu sun ɗaure kansu. Ya san kowane lungu da motar kame ba ta shiga. An yi wa marasa takardu afuwa a 2013, ya ce bari ya ga yadda za ta kaya da na farko. Aka sake yi a 2017, ya ce bashi yake bin wani, sai ya karɓa. In ka ce, “Baba, yaushe za a koma gida?” sai ya tambaye ka nawa buhun masara yake a kasuwar Sheme, ka faɗa, ya ce to ba yanzu ba. Jakarsa dai a ɗaure take kullum, saboda ranar da za a kai shi Shumaisi, gidan jiran tarhil, wato a mayar da mutum ƙasarsa.

Mai iyali ba ya cikin masu hira, lissafi yake yi. Tun da aka sa harajin zaman iyali a Yulin 2017, riyal 100 kowane kai a wata, ya hau har 400 a 2020, mutumin nan da ke alfahari da 'ya'ya bakwai ya koma ƙirga su da kalkuleta. Yanzu duk wanda aka yi wa haihuwa, kafin ya ce Allah ya raya sai ka ga leɓensa na motsi.

Na ƙarshen da na haɗu da shi yaro ne haifaffen Makka, a Shara Mansur ya tashi, kakansa ne ya zo a ƙasa ta Sudan. Larabci a bakinsa kamar ruwa, Hausarsa kuwa irin ta tsofaffi ce, da kalmomin da mu mun daina ji. Don ya gyara zamansa sai da fasfon Najeriya, fasfo kuma sai da lambar NIN da shaidar ƙaramar hukuma. Ya ji an ce ni ɗan Katsina ne, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni da “Kawu”, ya ciro wata tsohuwar takarda da kakan ya rubuta da ajami, ya nuna mini kalma ɗaya.

“Kawu, an ce nan ne garinmu. Sabuwa. To in wannan ce sabuwar, ina tsohuwar take?”