Bayani a Kan Rabe-raben Dokokin Duniya, Bisa Hujjar Akuya

Masana sun kasa dokokin duniya gida-gida, kuma duk ɗalibin da ya nemi gane wannan kaso ba tare da akuya ba, wahala kawai zai sha. Saboda haka mu ƙaddara wata akuya a Dungas ta tsinke igiya, ta faɗa gonar waken maƙwabci, ta yi abin da akuya ke yi.

Gida na farko shi ne na rubutaccen kundi, wanda Nijar ta gada daga Faransa. Tushensa Rum, inda sarki Justiniyan ya sa aka tattara dokoki tsakanin 529 da 534. Napoleyon ya zo a 1804 ya fitar da nasa kundin mai ayoyi 2,281. Aƙidar gidan nan ita ce an riga an hango kowace ɓarna tun ba a yi ta ba. Akuyarmu tana aya ta 1385, wadda ta ɗora wa mai dabba alhakin ɓarnarta, ko tana hannunsa, ko ta ɓace, ko ta gudu. Wato fiye da shekara 200 kafin a haife ta an gama shari'arta a birnin Faris, abin da ya rage wa mai shari'a shi ne ya lashi yatsa ya buɗe shafi. A 2016 Faransawa sun sauya wa ayar lamba zuwa 1243, akuya kuwa ba a sanar da ita ba.

Da a ce kudu ta nufa, ta ƙetare iyakar da Faransa da Ingila suka daidaita a 1906 ta shiga gonakin Maigatari, da ta tarar da gida na biyu, na Ingilishi. Alƙalin can tambayarsa ita ce: an taɓa yin wata akuya kafin wannan? Me magabata suka yanke a kanta? Sai lauya ya miƙe, da hular gashin doki a ka cikin zafin bazara, ya kawo shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868, inda ruwan tafkin wani ya malala ramin kwal na wani. Daga nan aikinsa ya gamsar da kotu cewa akuya da ruwa ɗabi'arsu ɗaya. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san hujjar tana da ƙarfi.

Gida na uku, na Malikiyya, bai san da iyakar ba. Risalar Ibn Abi Zaid ta raba zance da rana: ɓarnar dare mai dabba zai biya, ta rana kuwa mai gona ne bai yi tsaro ba. A nan ake samun shaidu masu ilmin taurari, don mai gona zai rantse an yi magariba, mai akuya ya ce ko la'asar ba ta yi sakaliya ba.

Sai na huɗu, al'ada, wadda dokar Nijar ta 1962 ta bar wa aure, saki, gado da rikicin gona, ta kuma bar wa sarakuna ikon sulhu. Littattafai ba su cika yi mata babi ba, alhali nan akuyar take ƙarewa, domin kuɗin mota zuwa kotu ya fi kuɗin waken. Mai gari zai fara tambaya ko hukuma ta riga ta saki gonaki. In ba a saka ba, dattawa uku su bi kunya-kunya suna ƙirga gindin da aka cinye, su ƙiyasta shi da tiya.

"Ranka ya daɗe, tiya goma ce."

"Haba Malam, gonar taka kaf ba ta taɓa ba da goma ba."

A tsaya a huɗu, a yafe ɗaya don zumunci, a yi fatiha. Kafin a kai ga haka, wadda ake tuhuma tana ɗaure a garkar mai gari, ana zuba mata harawa safe da yamma, kuma kuɗin harawar ma mai ita ne zai biya.