Jinginar Hula a Talata Mafara

Duk gidan abincin da ka ga an kafa masa allo, an zana kaza da farantin shinkafa, an rubuta sunan Hajiya wance da jan fenti, ka gaishe su ka wuce. Karin kumallo na gaskiya ba ya neman allo. Ana gane shi da baƙin kasko, da bencin da aka tallafe ƙafarsa da dutse, da direbobin manyan motoci da suka yi tsit suna aiki da hannu. Direban da ya kwana a hanya ba ya zubar da kuɗinsa a banza. Inda ka ga ya tuɓe takalmi ya naɗe hannun riga, to nan ne wurin. Wannan ilimi na daɗe ina tara shi a tashoshin Kano, kuma da na more shi har tsufana, ba don wani likita ya ɗaura min igiya a dantse ba, ya matsa, ya dubi na'urarsa, ya dube ni, sannan ya yi abin da ba a yi wa magidanci: ya ce a kira masa uwargida.

Tun daga ranar aka kafa dokar soja a ɗakin girkinmu. Koko ba sukari. Zogale dafaffe, gishirinsa sai ka rantse an nuna masa ne daga nesa. Ƙwai kuwa a dafa, a cire gwaiduwar a ba yara ina kallo. Man gyaɗa da cokalin shayi ake auna shi, kuma ita ke riƙe da cokalin.

Ana nan, cikin watan Fabrairun 2023, sai uwargida ta ce tana son shinkafa 'yar gida ta fadamar Bakolori, don ita asalinta Dosara ne a ƙasar Maradun, kuma a wurinta duk shinkafar da ba ta sha ruwan Gulbin Sakkwato ba tsakuwa ce. Ga kuma saƙo da take son a kai wa gwaggonta a can: turmin atamfa da sandunan sabulu. Ita wannan gwaggo rabona da ita tun ranar biki, cikin taron mata masu lulluɓi, ni kuma kaina a sunkuye. Kafin ta rufe baki na ce ni zan je. Ta daɗe tana kallona, don ta san ko cefane ba na zuwa sai an yi ta fama. Ta cika min filas da kokon azaba, ta ƙunsa zogale a leda. Allah ya saka wa almajiran tashar Funtuwa, ba su bar ko ganye ɗaya ba.

Wanda ya rayu a wancan watan ya san halin da aka shiga. An sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, tsofaffin ana gudun su, sababbin kuma sai dai a ji labarinsu. Zamfara ma tana cikin jihohi ukun da suka fara kai maganar Kotun Ƙoli, ita da Kaduna da Kogi. 'Yan canjin da ke aljihuna kuɗin mota ya lashe su tun kafin mu wuce Tsafe. Ban damu ba, ga waya a hannu, ga kuɗi a asusu. Muka wuce Gusau, Bunguɗu, Maru, direba yana ta gudu don ya shiga gari da sauran rana, kasancewar a hanyar nan yanzu ba mai son magariba ta same shi a daji. Na kwana a Talata Mafara wurin wani abokina da ke koyarwa a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau. Ya ce da safe iyalinsa za su dama min kunu. Na ce masa ina azumin kunu.

Gari ya waye Talata, ranar kasuwa. Ana sallame asuba na saɓa babbar riga, na kafa hulata zanna wadda ba na sa ta sai da dalili, na rataya jakar saƙo, na bi hanci. Motocin ƙauye sun fara sauke buhuna da awaki, amalanken shanu na ratsa tsakanin 'yan acaɓa. Na wuce wata rumfa mai labule da kujerun roba ko waiwaye ban yi ba. Na wuce mai ƙosai saboda man nata ya yi haske da yawa, alamar sabon shiga ce. Can kusa da tasha na hango abin da na baro Kano dominsa: tebur an jera masa gwangwanayen madara da na Bournvita har sun yi gini, burodi a tsaye cikin leda, tukunyar shayi tana tururin citta da kanumfari, sai kasko. Kaskon nan baƙi ne ƙirin, ya yi kauri da tarihin ƙwan da aka soya a cikinsa, ina jin da za a kankare shi a kai ɗakin bincike sai an samu na zamanin da Zamfara ke cikin jihar Sakkwato, kafin 1996.

"Alhaji, mi za a haɗa maka?" in ji mai shayi.

Na zauna na gyara riga, na yi magana irin ta wanda aka sako daga kurkuku. Indomie babba, ƙwai a kai, albasa da attaruhu kada a ji tausayina. Shayi kakkaura, madara ta gwangwani, sukari sai cokali ya tsaya da kansa. Da ya ɗaga galan zai zuba mai sai ya dube ni, na ɗaga masa kai, ya ƙara, na sake ɗagawa, ya ce, "Alhaji, halan mota za ka yi wa juye?"

Ba a ci a teburin mai shayi kyauta, ko da ka biya. Sai ka ba da ra'ayi. Ga shi zaɓe saura kwanaki, kuma na faɗo yankin da gwamna ba baƙo ba ne: Ahmad Sani Yarima na Bakura ya yi daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na nan Mafara daga 2011 zuwa 2019, sannan Bello Matawalle na Maradun yana kan kujera a lokacin. Tsautsayi ya zaunar da ni tsakanin wani dillalin albasa mutumin Bakura da wani direba mutumin Maradun, mai shayin kuma haifaffen Mafara. Ina kai loma ta farko baki dillalin ya dafa gwiwata.

"Malam, kai baƙo na, ba ka da ɓangare. Tsakani da Allah, cikin ukun nan wa yaf fi?"

Na nuna bakina alamar akwai abinci a ciki. Suka jira. Na tauna a hankali har taliyar ta zama ruwa, suna nan suna jira. Mai shayi ma ya dakata da sheƙa shayin daga kofi zuwa kofi, ya tsaya da hannu a sama. Na lura cewa a hannun nan nasa ragowar karin kumallona yake, na kuma lura da girman dantsen direba. Sai na ce ai ni a ganina duk wanda ya iya mulkin mutanen da ke tambayar baƙo irin wannan tambaya da sassafe, gwarzo ne. Aka yi dariya, aka ce Bakano ba ya faɗuwa ƙasa banza, suka koma kan junansu. Kafin su gama da titin da wane ya yi da wanda wane ya bari, na share faranti da ɓawon burodi, zufa tana bin ƙeyata cikin sanyin hunturu.

Sai biya. Na zaro waya da isa, na karɓi lambar asusu, na tura. Abu ya yi ta juyawa, ya ce ba ta tafi ba. Na sake. Na miƙe tsaye na sake. Direba ya ce in hau benci, nan sabis yake zama. Na hau benci da babbar riga a tsakiyar kasuwar Mafara, hannu a sama, ina dannawa, yara masu tallan goro sun kewaye ni. Dillalin albasa ya ce in kwantar da hankalina, su da suka ga 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a jihar gaba ɗaya, wannan wasan yara ne. Na sauko na buɗe jaka na miƙa wa mai shayi sandar sabulu. Ya ce sabulu ba ya sayo ƙwai. Idonsa ya hau sama a hankali ya sauka a kaina.

"Wagga hula dai ta yi kyau, Alhaji."

Haka na bar Mafara da kai tsirara. Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni zuwa Dosara shi bai raina sabulu ba, sanda biyu muka yi ciniki, daga cikin na gwaggo.

Hanyar ta ratsa cikin gonakin rani, kore shar ko'ina, shinkafa da albasa da tumatir, ruwa na bin magudanan siminti da suka taso daga madatsar Bakolori. Mutum mai hankali da ya ci abin da na ci zai wuce kai tsaye ya gai da surukai. To amma muna shiga gari iska ta kawo min wani ƙamshi, na dafa kafaɗar yaron na ce ya tsaya. A gindin wata bishiya wata dattijuwa ce zaune gaban tanda, tana juya waina da tsinke, gefe ga kaskon kifi yana ƙara, tarwaɗa ce ta dam an yanka ta gunduwa-gunduwa, ga tukunyar miyar taushe mai ya taso ya kwanta a kanta. Ba allo, ba benci ma, sai tabarma da wani guntun turmi. Na ce a raina wanda ya riga ya rasa hula me ya rage masa.

"Sannu da aiki, Inna."

"Sannu ɗana. Zamna. Ta nawa?"

Na ce ta zuba kawai, ta kuma malala man ƙuli a kai. A tabarmar akwai wani tsoho yana cin hoce da ƙuli, yana korawa da ruwa. Da ya ji na ambaci Indomie ɗin Mafara sai ya yi tsaki, ya ce su sun ga taliya tun muna cikin zani, a wurin Turawan Italiya na kamfanin Impresit da suka gina dam ɗin aka gama a 1978, shi da kansa ya yi musu lebura. Ya ce Bature zai zauna ya naɗe tsutsa a cokali mai yatsu yana murna. Daga nan ya gangaro kan gonakin da ruwa ya cinye, da rikicin diyya na 1980 da aka rasa rayukan manoma a cikinsa, ya yi shiru, ni ma na tsame hannu daga kwano. Inna ce ta katse shirun da ƙara min gunduwar kifi.

Wainar nan, jama'a. Gefenta ya soyu ya yi ƙus-ƙus, cikinta laushi, ga ɗan tsamin da ke nuna ƙullun ya kwana. Daɗi ya kwance min baki, kuma bakin da daɗi ya kwance ba ya da linzami. Na ce, "Inna, da za ki zo Kano ki koya wa matan zamani girki, da kin samu lada. Ni nan da kike gani, a gidana fursuna ne." Na ba ta labarin zogale, na ba ta na cokalin shayi, har na kwaikwayi muryar uwargida tana cewa likita ya hana. Inna tana ta juya waina tana cewa, "Ashsha. Wagga mata ba ta da tausai. Ɗiyar ina ta?" Na ce ai abin haushin ma 'yar garin nan ce. Ta ce, "Ikon Allah. Ƙara miya."

Da na kai inda ba gaba, na lashe yatsu, na yi mata bayanin halin da ƙasa ke ciki, na zaro sandar sabulu na ajiye mata a matsayin kuɗin waina. Ta karɓa ta juya shi, ta ce mai kyau ne. Sai na tambaye ta ko ta san gidan wance, na faɗi sunan gwaggo, na ce saƙo na kawo mata daga Kano.

Tsohon nan ya ajiye hocensa. Inna ta kwashe wainar da ke tanda ɗaya bayan ɗaya, ta goge hannu a zani, sannan ta dube ni tun daga kan da ba hula har zuwa ɗigon man da ke gaban rigata.

"Ai tun da kas sauka bisa mashin nig gane ka. Kai na mijin ɗiyata."

Bahaushe bai yarda suruki ya sha ko ruwa a gaban surukarsa ba. Ni kuwa na ci, na ƙara, na yi gyatsa, na yi ƙarar 'yarta a wurinta, sannan na biya ta da sabulunta. Na zame daga kan turmi na durƙusa, na fara gaisuwa daga farko, ina kwana, ina gajiya, ina iyali, bakina yana ƙyalli. Ta amsa duka cikin natsuwa. Sannan ta kwance bakin zani ta ciro 'yar ƙaramar waya mai tocila, irin wadda aka ɗaure da roba. Wayata mai tsada ta kasa aika kuɗin shayi daga kan benci a Mafara, amma wannan bugu ɗaya ta shiga Kano, murya tangaram, har tsoho yana jin sallamar uwargida.

"Mijinki ya iso lahiya lau," in ji gwaggo. "A'a, kada ki damu, ba ya jin yunwa. Ga shi nan dai, ya rame ƙwarai, ko hula ba ki saya mai." Ta saurara kaɗan. "Sabulu? Awo, ya kawo. Guda-guda yaka ba ni shi."

Abin da aka ce min da aka miƙo min wayar ba na jarida ba ne. Gwaggo dai ta sa aka auna min shinkafa, ta ƙulle min ƙuli da soyayyen kifi ta ce na yara ne, ta maimaita na yara har sau biyu, ta kuma aro min hular mijinta wadda ta sauko min har kunne.

Da la'asar na biyo ta Mafara karɓar kayana, bayan abokina ya taimaka min da 'yan tsofaffin takardu. Na tarar da mai shayi yana kafa tebur na yamma, hulata a kansa, ya karkata ta gefe. Yana ganina ya washe baki ya nuna min wayarsa. Ashe duk dannawar da na yi a kan benci ba wadda ta faɗi ƙasa. Da rana ta yi sai suka shigo masa a jere, ɗaya na bin ɗaya. Na ce to alhamdu lillahi, sai ya mayar min da ragowar. Ya buɗe aljihun tebur ya nuna min, ba ko sisi.

"Kuɗi kam babu, Alhaji, kuma ni ba ni tura kuɗi ta waya, ka ga yadda takan yi. Amma na rubuta. Kana da Indomie da ƙwai wurina har bayan Sallah. In ɗora kasko?"