Zuwa ga Babarbaren Gure, mai rabon aiki

Bawana, labari ya same ni har ruga cewa samarin Gure masu son gudun moto, ƴan kabu-kabu da yaran garejin bakin kwalta, sun haɗa kai za su yi tsere a rairayi, kuma wai kai suka ɗora wa rabon aiki. Wa ya aike su?

An nuna mini takardar da ka rubuta. Shugaba, kai. Mai ɗaga tuta, kai. Mai riƙe lasifika, ƙanenka, don kada ta bar gida. Daga nan sai mataimaki, da mataimakin mataimaki, da mai ba shugaba shawara. Ban yi mamaki ba. Ku ne kuka ba ƙasar Hausa Galadima da Ciroma da Yarima da Kacalla, Babarbare kuwa ko taron suna ya kira sai ya naɗa wani. To a duk jerin nan, wa zai kawo ruwa?

Bari ubangidanka ya karanta maka abin da ka tsallake. Wani zai je wurin hukuma da jandarma ya karɓo izini a rubuce, da sa hannu da hatimi. Maƙwabciyarku Diffa an hana hawa moto a cikinta a 2015 saboda tsaro, don haka motoci masu ƙafa biyu su taru suna ruri a bayan gari ba tare da sanin kowa ba, ka san inda za ka kwana.

Wani kuma zai fita tun asuba ya kafa alamun hanya, sanda da jan ƙyalle a kan kowane tudu, ya sake zagayawa kafin a tashi, don iskar ƙasarku Muniyo ba ta barin abu inda aka ajiye shi. Kada ka raina aikin nan. Thierry Sabine, Bafaranshen da ya ƙirƙiro tseren Paris-Dakar, ɓacewa ya yi a hamada a kan moto a 1977, da ƙyar aka gano shi. Tseren nasa ya tashi daga Paris a ƙarshen Disamban 1978, ya yi shekaru yana ratsa Agadas da Tenere, na 1992 har ya gangaro daga Dirku zuwa Gigimi. Mu a talabijin direbobi muke gani, amma a bayansu akwai masu riƙe agogo, da likitoci, da babbar mota da ke tafe a ƙarshe tana kwashe waɗanda suka lalace. Kai wa ka sa a ƙarshe? Idan yaro ya kife a gangaren kwari, ƙafa ta karye, amalanken wa zai ɗauko shi, kuma wa ya gaya wa ma'aikacin asibiti ya zauna da shiri ranar?

Batun mai ma haka. Matatar Soraz tana nan jiharku tun 2011, amma ba ita za ta jero muku kwalabe a bakin fili ba. Sai an sa mutum guda, an ba shi kuɗi, an rubuta. Ma'ajin kuma kada ya zama mai sayen, ka ji ko? Na san hannun ɗan Manga irinka a ciniki: wanda ya iya sayar wa raƙumi kanwa, jaka biyu ba ta kwana a aljihunsa ba ta haihu ba, sai dai ba ƙungiya ce ke shan nonon ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ka tuna da dabbobi ba. Rairayin da kake kira fili, burtali ne. Ta nan muke bi zuwa rijiya, ta nan ake kora garke zuwa kasuwar Gidigir. Saniya ba ta san tuta ba. Dole wani ya zaga rugage kwanaki kafin ranar, ya faɗi lokaci da hanya, ya tsayar da yara masu sanda a mararraba.

Wannan aikin na ɗauke maka, tunda idan kai ka je ruga, karnuka ma ba za su saurare ka ba. Sauran kuwa ka tara samarin nan, a kira kowane aiki a ji wanda ya ce nawa ne, a rubuta sunansa a gaban jama'a. Tutar ka riƙe abarka, ba mai ƙwace maka. Jarkokin ruwan dai a kanka suke, ka aro jakin maƙwabci tun yau. Ladana kuma dabino mudu biyu, kuma da kanka za ka kawo, ka durƙusa.